Ado da Fatar Ragon Iya

Duk 'yan aji biyar na firamaren unguwarsu a Panshekara babu wanda ya kai Ado ɗan Malam Alhassan baki. Shekararsa goma sha ɗaya, ga shi siriri kamar sillen kara, amma in ya fara zuba sai ka rantse shi ya kafa kamfanonin Challawa da hannunsa. In jiniyar kamfani ta yi kuka da ƙarfe biyu, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Babana ne ya danna." In motar ɗaukar ma'aikata ta wuce, ya ce direban yaron babansa ne. Alhali kowa ya san aikin Malam Alhassan a kamfanin fata. Shi ne mai barbaɗa wa ɗanyun fatu gishiri don kada su ruɓe.

Wata Litinin, mako biyu bayan Babbar Sallah, Malam Idrisu ya shigo aji ya ce, "Ran Asabar ta sama akwai taron iyaye, kuma babban baƙo zai zo daga ofishin ilimi. Kowa zai kawo aikin hannu, abin da ya yi da kansa. Wanda nasa ya fi kyau zai sami akwatin lissafi, mai kamfas da rula a ciki."

Yara suka fara faɗin nasu. Wannan tsintsiya, wancan igiyar rama, wani motar kara. Zuwaira, 'yar Hauwa mai ƙosai, wadda suke gidan haya ɗaya da su Ado, ta ce faifai za ta saƙa. Ado ya bari sai da kowa ya gama, sannan ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"Jaka, Malam. Ta fata. Ja, mai maratayi, irin wadda ake kaiwa Ingila."

"To, wa zai jeme maka fatar?"

"Ni mana, Malam. Jimar kamfani, ba irin ta mutanen da ba. Mu a gidanmu ko jariri ya san sinadaran."

Zuwaira ta ɗaga hannu. "Malam, jiya ko maɓallin rigarsa ni na ɗinke masa."

"Ana maganar injiniyanci kina maganar maɓalli," in ji Ado.

Malam Idrisu sabon zuwa ne daga Gumel, watansa ɗaya a makarantar, bai san halin Ado ba. Ya rubuta sunansa a saman allo, ya ja masa layi biyu. Kafin a tashi ya kai wa Hedimasta labari, shi kuma Hedimasta ya ce ai shi ke nan an sami kyautar da za a ba baƙo. Aka sa a takardar shirin taro: Miƙa jakar fata, aikin ɗalibi.

Sai a hanyar gida Ado ya tuna ba shi da fata.

Amma kakarsa, Iya Rabi, tana da ita. Ragon da ta yi layya da shi bana ita ta yi kiwonsa shekara biyu, fari tas, da baƙin tabo a wuya. Ta shanya fatar ta bushe, ta rataye a ɗakinta, tana jiran mai shiga birni ya kai mata majema a yi mata buzu, don gwiwoyinta sun fara ƙin tabarma in tana sallah.

Ado ya shiga ya tsuguna. "Iya, me zai sa ki kai wa tsofaffin birni fata, ga kamfani a gida?"

"Wane kamfanin?"

"Ni."

Iya ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. "Kai, maigidan nan nawa! Kai da ko wandonka ba ka iya wankewa ya fita?"

"Ai ba ni kaɗai ba, da Baba. Kwana goma sha biyu za ki ga buzu mai laushi kamar auduga. In kika yi sujada sai an tashe ki."

Da ta ji an ambaci ɗanta sai ta sakankance, ta ɗauka shi zai kai fatar kamfani. Ta ciro fatar ta miƙa masa, ta ce, "Ka kula da gashin. Gashin shi ne buzun." Shi kuwa Ado ya riga ya gama lissafi. Fatar babba ce. Zai yanki jaka a gefe, sauran ya isa Iya, ai ba wata doguwa ba ce.

Saura sanin yadda ake jimar. Ba zai tambayi Baba ido biyu ba, kada a ce bai sani ba. Washegari da ya dawo daga boko ya tarar da shi a zaure yana barci, don aikin dare yake a makon. Ado ya tsuguna kusa da kunnensa.

"Baba, in za a jeme fata me ake fara yi?"

"Mmm... a jiƙa."

"Da me?"

"Ruwa... toka..."

"Sai me?"

"A zuba a duro... ya yi ta juyawa..."

"Sai kuma me, Baba? Babban sinadarin?"

A daidai lokacin ƙamshin miyar kukar da Lami, uwar Ado, take kaɗawa ya shigo zauren. Malam Alhassan ya lashi baki cikin barci, ya juya ga bango, ya ce, "A ƙara daddawa."

Ado ya zaro ido. Ya buɗe bayan littafinsa na lissafi ya rubuta: Ruwa. Toka. Duro. Daddawa (sirri).

Kafin la'asar ya sami tsohuwar tukunya, ya kai ta lungun bayan akurkin kaji. Ya zuba ruwa, ya juye tokar murhu uku, ya marmashe daddawar Lami ƙulli shida. Ya taɓa jin cewa majeman birni suna sa kashin tantabara, to don kada su fi shi, ya kwaso kwano guda ya ƙara. Ya danna fatar ciki, ya rufe da guntun kwano, ya wanke hannu ya ɗauki allonsa.

Ran Laraba babu abin da ya faru, sai Lami da ta yi ta cigiyar daddawarta.

Ran Alhamis kaji suka ƙi shiga akurki.

Ran Juma'a da safe duk mutanen gidan suka fito tsakar gida, kowa da hannu a hanci. Su mutanen Panshekara ba baƙin wari ba ne. In iska ta juyo daga Challawa sukan ce an tashi injin jima, su ci gaba da cin abincinsu. Amma wannan daban ne. Yana da nauyi, yana bin mutum har cikin ɗaki ya zauna tare da shi.

"Ɓera ne ya mutu," in ji Lami.

"Wane irin ɓera?" in ji Hauwa mai ƙosai. "Sai dai in jaki ne ya shiga rami ya mutu. Mutum uku suka zo sayen ƙosai yau suka juya daga zaure. Ɗaya har ya yi mini ta'aziyya."

Malam Alhassan, wanda ya dawo daga aiki ke nan, ya tsaya ya shaƙa, ya girgiza kai. "Shekara tara ina cikin fatu. Hancina ya mutu tuntuni. Wannan abin ya tashe shi."

Aka shiga nema. Aka ɗaga gadaje, aka jawo buhuna, aka leƙa rijiya. Ado ne ma kan gaba. Duk wanda ya nufi bayan akurki sai ya tare shi ya ce, "Na duba nan, ba komai." Daga baya ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce, "Daga kamfanonin Sharaɗa iska take kawo shi. Sabon inji suka sa. Kwana biyu zai wuce."

"Kai ka sa musu injin?" in ji Zuwaira.

"An dai nemi shawarata."

Ran Asabar da safe a makarantar allo, Malam Bala yana tsakiyar biya wa wani yaro karatu sai ya tsaya cak. Ya dubi dama, ya dubi hagu.

"Ado, tashi ka sake alwala."

Ado ya je ya sake. Ya dawo ya zauna. Yaran da ke gefensa suka ja buhunansu suka matsa.

"Ado, da sabulu."

Ya je ya dawo. Malam Bala ya rufe hanci da gefen rawani, ya nuna masa wata darbejiya can tsallaken hanya. "Ɗauki allonka ka koma can. Ka ɗaga murya, ina jin ka daga nan."

Da aka tashi, Ado ya tarar Lami da Iya sun tafi suna Kumbotso, Baba kuma yana barci. Dama ta samu. Ya juye ruwan da ke cikin ƙaramin duron Lami, ya kwashe abin da ke tukunya ya zuba a ciki, fata da romo duka, ya buga murfi. Ya gangara da shi ta bayan gida har kan tudun da ke saman titin Challawa. Zuwaira ta biyo shi da faifanta a hannu tana saƙa, ta tsaya nesa inda iska ba ta zuwa.

"Ashe kai ne jakin da ya mutu."

"Ke dai ki kalla ki ƙaru. A kamfani lantarki ke juya duro. Ni da ƙafa zan yi, in nuna musu asarar wuta suke."

Ya tura duron gaba, ya zagaya ya turo shi baya. Ya sake. Abin da ke ciki yana ta ɓulum-ɓulum. Ado ya ji daɗi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kai, ya riƙe ƙugu, ya ce, "Yanzu sai babban gudu." Ya tattara ƙarfinsa ya banka masa ƙafa.

Duro ya ce ga hanya. Ya gangara a hankali, sannan ya ƙara, sannan ya fara tsalle. A ƙasan tudun kuwa ma'aikata kusan talatin ne a tsaye suna jiran motar aikin rana, kowa da kwanon abincinsa a ɗaure. Can gefe ga wani akawu cikin farin kaftani, ya buɗe jarida yana karantawa, bai yarda ya tsaya cikin leburori ba.

Ado ya bi duron da gudu yana ihu. "Ku tare! Ku tare! Kayan kamfani ne!"

Babu wanda ya tare. Ma'aikata suka dare gida biyu, wasu suka faɗa kwalbati. Duron ya ratsa ta tsakiyarsu, ya daki turken lantarki, murfin ya yi sama. Abin da ya kwana huɗu yana tsima ya tashi gaba ɗaya ya sauka a kan akawu, daga hula har takalmi. Fatar ta biyo baya ta lulluɓe jaridar.

Akawu ya sauke hannunsa a hankali, ya buɗe baki zai yi magana, warin ya shiga, ya rufe.

Ado ya iso yana haki, ya fizge fatar, ya ce, "Yi haƙuri, gwaji ne," ya juya ya ranta a na kare.

"Ɗan gidan uban waye wannan?" in ji akawu da ya sami numfashi.

Zuwaira ta amsa daga kan tudu, "Injiniya ne!"

Ita ta dawo da duron gida da yamma, ya lotse a gefe ɗaya, bisa sharaɗin Ado zai ɗebo mata ruwan famfo na kwana uku. Da suka buɗe fatar a bayan gida suka ga toka ta yi aikinta. Gashin ya zube nan, ya tsaya can, kamar kan yaro mai makero. Baƙin tabon wuya ne kaɗai ya tsira.

"Iya ta ce ka kula da gashin," in ji Zuwaira.

"Haka ake yayi yanzu. Rabi gashi, rabi sanƙo."

Saura launi. A bayan wani kamfanin atamfa akwai kwata da ruwan rini ke fita, yau shuɗi, gobe ruwan ɗorawa, ya danganta da abin da suke bugawa a ciki. Ran Lahadi bayan karatun safe Ado ya je ya tarar da ita ja wur. Ya ce, "Kun gani? Sun san ina zuwa." Ya tsuguna ya tsoma fatar da hannun dama har gwiwar hannu, yana kaɗawa. Da hannun ya gaji ya canja zuwa hagu. Yana canjawa, su ma a ciki suka canja zane. Ruwan ya koma kore shar.

Fatar ta fito ba ja ba, ba kore ba. Launinta kamar an zuba manja a miyar kuka ta jiya. Hannuwan Ado kuwa kowanne ya kama nasa sosai, dama ja, hagu kore.

Lami ta sa soso da sabulu, ta sa toka, ta sa dutsen goge kaushi, ko gezau. Ya ce mata santsi ne ya kwashe shi ya faɗa kwata.

"Kwata biyu ka faɗa?"

"Babba ce, Inna. Gefe da gefe."

Iya ta leƙo daga ɗaki. "A'a, maigida, lalle aka sa? Kishiya za a yi mini ba labari? Ina fatata?"

"Tana matakin ƙarshe, Iya."

"Gwiwata ma tana matakin ƙarshe. Ka gaya wa ubanka."

Ran Litinin a makaranta ya yi niyyar ɓoye hannuwan a aljihu, amma wajen duba farce sai da ya fito da su. Malam Idrisu ya kama su ya ɗaga sama, ya juya su ga 'yan aji. "Kun ga hannun mai aiki? Ku kuna can kuna wasan langa, wani yana rini!" Ado ya ji kansa ya ƙara girma. A lokacin tara har layi aka yi ana kallon hannun, shi kuma yana bayani cewa ja na Ingila ne, kore na Jamus.

Fatar kuwa ya shanya ta a kan rufin kwanon madafa, ya danne da duwatsu. Ran Talata ungulu uku suka sauka a kan katanga. Ran Laraba suka zama tara, sun jeru suna kallon tsakar gida kamar masu jiran a raba gado. Hauwa ta yi ta jifansu da garwashi tana neman tsari. Wani tsoho maƙwabci ya aiko a tambaya ko akwai marar lafiya a gidan.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Ado ya hau ya sauko da kayansa. Rana ta gama da ita. Ta tsuke ta koma rabin girmanta, ta sandare, gefunan sun tashi sama. Ya ƙwanƙwasa, ta ce ƙwan-ƙwan kamar murfin tukunya. Ya sa almakashin Lami, almakashi ya baje baki. Ya sa basilla, ta karye. Ya sa ta biyu, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

A karo na farko gumi ya karyo masa. Gobe ne taro.

"Ka je ka gaya wa Malam gaskiya," in ji Zuwaira. "Ko ka zo in koya maka tsintsiya, kafin magariba ka gama."

"Ni? Tsintsiya? Bayan an sa sunana a takarda?"

Ya ɗora fatar a ƙasa, ya hau kai da ƙafa biyu, ya kama gefe ɗaya ya ja da iyakar ƙarfinsa har ta lanƙwashe gida biyu tana ƙara. Kafin ta ƙwace ya naɗe ta tam da robar tayar keke, zagaye bakwai. Ya lakato ragowar man ƙosan Hauwa ya shafe ta don ta yi sheƙi, ya ɗaura igiya a matsayin maratayi, ya naɗe da takardar siminti, ya rubuta JAKA a kai.

"In ta kwana a naɗe za ta saba," in ji shi. Ya tura ta ƙarƙashin rumbu, inda tururuwa suka ji ƙamshin mai suka yi gayya.

Ran Asabar filin makaranta ya cika. An jera bencina a inuwar darbejiya, maza a dama, mata a hagu. Iya Rabi tana layin gaba da carbinta. Malam Alhassan ya zo da abokan aikinsa huɗu, don Hedimasta ya aika masa takarda ta musamman, ko da yake bai san dalili ba. Baƙon, wani Alhaji mai jiki, yana zaune a tsakiyar tebur cikin babbar riga shuɗiya da doguwar hula, ga kwalaben lemo a gabansa, ga kayan aikin hannun yara an baje a gefe.

Aka yi fareti, aka yi waƙa, wata yarinya ta karanta hadisi. Sannan Hedimasta ya tashi ya gyara murya.

"Jama'a, a makarantar nan muna da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya wanda ya jeme fata da hannunsa, irin jimar kamfani, ya rina, ya ɗinka jaka. Ado Alhassan!"

Aka tafa. Malam Alhassan ya dubi abokansa, su ma suka dube shi. Ado ya fito yana taku kamar soja, ya ƙame, ya sara da jan hannu, ya miƙa ƙunshin da koren.

Alhaji ya karɓa da murmushi, ya warware takardar siminti. Murmushin ya tsaya a inda yake. 'Yan layin gaba suka fara ja da baya da bencinsu. Amma Alhaji mutum ne mai kara. Ya juya abin, ya sake juyawa, ya ce, "Ma sha Allah. To, yaro, ina bakinta?"

"Sai an kwance robar, ranka ya daɗe."

Alhaji ya fara kwancewa. Zagaye ɗaya, biyu, uku. A na biyar fatar ta gaji da jira.

Fau!

Ta buɗe kamar tarko. Gefe ɗaya ya ɗauke hular Alhaji ya aika ta kan bishiya, ɗaya gefen ya share kwalaben lemo zuwa cinyar Hedimasta. Tururuwan da suka kwana a ciki suka watsu a kan babbar riga, kowace ta kama gabanta. Fatar ta faɗo kan tebur tana rawa kamar faranti, ƙwalan-ƙwalan-ƙwalan, har ta tsaya. Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe wuya da hammata, ya wawuri faifan da ya fi kusa da shi ya shiga fifita hancinsa.

Can cikin maza wani ya tashi tsaye. Akawun nan ne, ashe 'yarsa tana aji uku. "Shi ne! Wallahi shi ne yaron duro! Kaftanina har yau yana kan igiya, matata ta hana a shigo da shi gida!"

Alhaji, yana fifita, ya ce, "Yaro, tsakaninka da Allah, wa ya koya maka wannan jimar?"

Ado ya ga saura hanya ɗaya. Ya zaro littafin lissafi daga aljihu, ya buɗe baya, ya karanta da ƙarfi: "Ruwa. Toka. Duro. Daddawa. Babana ne ya ba ni sirrin, ranka ya daɗe. Ga shi can."

Duk filin ya juya. Malam Alhassan ya miƙe, hannu a ƙirji. "Ni? Yaushe?"

"Ran Talata, Baba, a zaure. Kuka ce a ƙara daddawa."

"Barci nake, ja'iri!"

Ɗaya daga cikin abokansa ya faɗo daga kan benci. Wani ya ce, "Alhassan, ashe miya kuke kaɗawa a sashenku, ba ku taɓa kiranmu ba!" Hauwa mai ƙosai ta tafa hannu tana cewa, "Ga ɓeran! Ga injin Sharaɗa!" Yara suna ta birgima a ƙasa. Malam Idrisu ya sulale ya koma bayan bishiya.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Iya Rabi ta tashi da sandarta, ta tako a hankali har gaban tebur. Ba ta toshe hanci ba. Ta sa hannu ta shafa baƙin tabon nan na wuya, ta daɗe tana shafawa.

"Ragona ne," in ji ta. "Shekara biyu ina ba shi dusa da hannuna. In na fita har kuka yake."

Dariyar ta lafa. Ado ya buɗe baki, ya nemi abin faɗa, bai samu ba. Wannan bai taɓa faruwa da shi ba. Ya durƙusa a gaban mutane ya kama gefen zaninta da hannuwansa masu launi biyu.

"Iya, ki yafe mini. Ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba."

Iya ta dube shi ta ce, "Sake faɗa. Kunnena ya yi nauyi."

"Ban iya ba!"

"Jama'a, ku shaida," in ji Iya. "Tun da aka haife shi yau na fara jin wannan. Na yafe. Amma buzuna yana wuyanka."

Malam Alhassan ya iso ya kama kunnen Ado, ba da ƙarfi sosai ba. "Daga Alhamis mai zuwa, kana tashi daga boko zan kai ka majema a birni. Ka ɗebo musu ruwa, ka daka bagaruwa, ka rufe bakinka, har ranar da za ka jeme wa Iya buzu na gaske. Kaftanin bawan Allahn nan kuma kai za ka wanke."

Wani yaro ya hau bishiya ya ciro hular Alhaji. Ya karɓa ya sa, dariya tana cinsa, ya ɗaga faifan da ke hannunsa. "Na waye wannan?"

Zuwaira ta fito.

"A ba ta akwatin lissafin. Duk cikin kayan nan shi ne ya ceci rai yau."

Hedimasta, yana matse lemo daga rigarsa, ya sa aka kawo fartanya daga ofis. Ya ce Ado ya ɗauki jakarsa ya kai can ƙarshen fili ya binne, kuma ramin ya yi zurfi, kada karnuka su tono. Ya sa Malam Idrisu ya tsaya a kansa.

Ado ya yi ta haƙa shiru, kai a sunkuye, hawaye na ɗiga. Ramin ya kai gwiwa. Ya kai cinya. Ƙasar ta fara canja launi, ta yi sanyi. Ya tsaya, ya damƙo ta ya murza a tafin hannu, ya shinshina. Ya share ido da gefen riga, ya ɗago kai.

"Malam, kun ga danshin nan? Akwai ruwa a wurin nan, kuma ba nisa. Ni fa kakana na wajen uwa, duk rijiyoyin Kumbotso shi ya haƙa. In kuka bar mini fartanyar nan zuwa Litinin, makarantar nan ta daina zuwa famfo."

Malam Idrisu ya miƙa hannu ya zare fartanyar, ya tura fatar cikin ramin da ƙafa, ya mayar da ƙasa da kansa. Sannan ya kai fartanyar ofis, ya kulle ƙofa, ya sa makullin a aljihu, ya tafi da shi gida.